Jaka goma saboda lamba ɗaya: ya kamata matasanmu su koyi adireshin na'ura



Yau zan taɓo maganar da na san wasu za su ce ba ta shafe su ba, ta injiniyoyi ce. Ku yi mani haƙuri ku karanta har ƙarshe, don ni ma haka na ɗauke ta, sai da ta ci mana kuɗi kuma ta ba ni kunya.

A nan Maraɗi akwai wata ƴar cibiyar matasa da nake taimakawa da aikin sa-kai. Muna da kwamfuta 12, da injin buga takarda guda, da akwatin wifi. Ɗalibai suna zuwa su buga ayyukansu, masu neman aiki su buga takardunsu. Sai muka lura da wani abu: in an ɗauke kuran aka maido, wani lokaci injin buga takarda ya ƙi aiki. Yana kunne, akwai takarda, akwai tawada, amma kwamfuta ta ce ba ta gan shi ba. Sai mu kira mai gyara. Ya zo da kabu-kabu, ya zauna minti biyar, ya danna nan ya danna can, injin ya tashi, mu ba shi jaka goma. Sau huɗu muka yi haka cikin watannin zafi. Jaka arba'in ke nan, a wurin da kuɗin shiga ba su wuce dala-dala da ake tarawa ba.

Karo na biyar ya faɗo a ranar da wani yaro yake son buga takardun da za a rufe karɓarsu da yamma, mai gyara kuma ya yi tafiya. Wata ƙanwa tamu, ɗalibar jami'a da take zuwa yin aikinta a wurin, ta ce, "Yaya, in duba?" Wallahi da ƙyar na yarda. Ta buga shafin bayanin injin, ta buɗe shafin akwatin wifi, ta yi dariya. Ta ce an ba injin lamba tsayayya, 192.168.1.20, amma akwatin wifi bai san da haka ba, yana rabon lambobi daga 2 har 254 ga duk wanda ya shigo. In kuran ta dawo, akwatin ya riga injin tashi, sai salular wani ta riga ta karɓe lamba 20. Gida biyu, lamba ɗaya. Ta gaya wa akwatin ya fara rabonsa daga 100 zuwa sama, ta bar lambobin ƙasa ga kayan da ba su motsi. Tun ranar matsalar ba ta dawo ba.

Ban ce mai gyaran macuci ne ba. Wataƙila shi ma kashewa da kunnawa kawai ya iya, kuma kowa da hanyar cin abincinsa. Laifin namu ne: mu goma sha, duk da bak ɗinmu da digirinmu, babu wanda ya san ma'anar lambobi huɗun nan da ɗigo a tsakani, alhali kullum suna cikin salularmu.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: sanin adireshin na'ura da yadda ake raba rezo ƙanana-ƙanana ya kamata ya zama ilimin gama-gari ga matashin birni a Nijar, kamar yadda kowane mai babur ya san canza fulogi. Zan nuna muku cewa abin ba shi da wuya, sannan in faɗi dalilin da ya sa na ɗauke shi da zafi.

Unguwa da lambar gida

Duk na'urar da ta shiga rezo, salula ce, kwamfuta ce, kamera ce ko injin buga takarda, sai an ba ta adireshi, wanda ake kira adireshin IP. Wanda muka fi gani shi ne IPv4, tsarin da aka rubuta ƙa'idarsa a 1981. Lambobi huɗu ne, kowace daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.20.

Me ya sa 255? Kwamfuta da sifili da ɗaya kawai take lissafi. Kowane sifili ko ɗaya ana ce masa bit. Adireshin IPv4 bit 32 ne, an kasa su gida huɗu, kowane gida bit 8. Da bit 8 kana iya rubuta lambobi 256, wato daga 0 zuwa 255. Shi ke nan sirrin.

Adireshin kashi biyu gare shi. In ka ce wa mai kabu-kabu ya kai ka Bagalam ko Ali Ɗan Sofo, ka faɗi unguwa, saura gida. Haka a Damagaram, in ka ce Birni ko Zango. Sashen farko na adireshin IP shi ne unguwa, wato rezon da na'urar take ciki. Sashe na biyu shi ne lambar gida, wato ita na'urar kanta.

To a ina unguwa ta ƙare, gida ya fara? Wannan aikin lamba ta biyu ce da kuke gani ƙarƙashin adireshin, wadda ake kira mask, mafi yawa 255.255.255.0. Ku ɗauke ta kamar katangar unguwa. Inda aka sa 255, wannan sashen sunan unguwa ne. Inda aka sa 0, na lambar gida ne. Saboda haka 192.168.1.20 da mask 255.255.255.0 yana nufin unguwar 192.168.1, gida na 20. Ana gajarta shi a rubuta 192.168.1.20/24, don bit 24 na farko, wato 8 sau 3, na unguwa ne.

Na'urori biyu da suke unguwa ɗaya suna magana kai tsaye. In unguwarsu ta bambanta, sai saƙo ya bi ta zaure. Zauren nan shi ne lamba ta uku da ake cikewa, wadda masu Faransanci suke kira paserel, kuma yawanci adireshin akwatin wifi ne ko ruter, kamar 192.168.1.1. Duk abin da zai fita waje, zuwa wata unguwa ko zuwa intanet, ta nan yake bi. In ka rubuta zaure ba daidai ba, za ka iya buga takarda cikin buro amma ba za ka buɗe shafin intanet ko ɗaya ba.

Cikin lambobi 256 na unguwa, biyu ba a ba kowa su. Ta farko, 0, sunan unguwar ce kanta. Ta ƙarshe, 255, ta shela ce: in aka aika saƙo gare ta, kowa cikin unguwa zai ji, kamar sanƙira ya tsaya bakin kasuwa. Saura 254 na gidaje.

Lamba ta huɗu ita ce ta DNS, kundin sunaye. Kai suna kake rubutawa, kamar Facebook, na'ura kuma lamba take nema, DNS ne yake fassara. Adireshi, mask, zaure, DNS. Wanda ya gane huɗun nan ya gane mafi yawan abin da ake kiran mai gyara dominsa.

Me ya sa kowa 192.168 gare shi?

Za ka lura gidanku 192.168.1 ne, siber ɗin unguwa ma haka, buron yayanka a Yamai ma haka. Ba kuskure ba ne. Tun 1994 aka ware wasu jerin lambobi domin amfanin cikin gida: duk wanda ya fara da 10, da waɗanda suke daga 172.16 zuwa 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Kowa yana iya amfani da su kyauta, amma ba su yawo a intanet.

To yaya saƙonka yake fita? Ku tuna akwatin gidan waya, BP. Ma'aikata guda tana da BP ɗaya, mutum hamsin suna karɓar wasiƙa ta cikinsa, masinja ne ya san wasiƙar wa ce. Haka ruter yake yi: yana da adireshi ɗaya na waje, yana fitar da saƙon kowa da shi, in amsa ta dawo ya miƙa wa mai ita. Sunan wannan dabara NAT.

Shi kuma mai rabon lambobi kai tsaye, wanda ya rikita mu a cibiyarmu, sunansa DHCP. Aro yake bayarwa, na ɗan lokaci. Shi ya sa salula da kwamfutar hannu suka dace da shi, amma injin buga takarda da kamera da saba suna son lamba wadda ba ta canzawa. Ko ka ba su tsayayya a wajen iyakar rabon DHCP, ko ka gaya wa ruter ya keɓe musu lambarsu. Ga wata alama da za ta amfane ku: in kun ga kwamfuta ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, ma'anarsa ta nemi mai rabon lamba ba ta same shi ba. Ku duba kabul ko ruter, kar ku zagi kamfanin sadarwa tukuna.

Yanka unguwa gida-gida

Yanzu ga inda mutane suke gudu, raba rezo zuwa ƙananan rezo. Bari mu ɗauki lakwal mai zaman kanta wadda take da buron darakta da mai kuɗi, da ɗakin kwamfuta na ɗalibai, da kamerori, da wifi na baƙi. In aka zuba su duka cikin unguwa ɗaya, salular ɗan aji uku tana ganin kwamfutar da ake ajiye sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta. Kuma duk shelar da wata na'ura ta yi, kowa sai ya ji ta.

Maganin shi ne a matsar da katanga. Muna da bit 8 na lambar gida. In muka ari biyu daga ciki muka ƙara wa sunan unguwa, /24 ya koma /26. Bit 2 suna ba da unguwa 4, don 2 sau 2 huɗu ne. Bit 6 da suka rage suna ba da lamba 64 a kowace unguwa. A cire ta suna da ta shela, saura gida 62. Mask ɗin ya koma 255.255.255.192.

Daga ina 192 ta fito? Darajar bit 8 daga hagu ita ce 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Mun ari biyun farko, 128 da 64, jimla 192. In ka ari ɗaya, 128 ne, wato /25. In ka ari uku, 224 ne, /27. In huɗu, 240, /28.

Ga yadda unguwannin huɗu suka kasance:

Ta farko, daga 0 zuwa 63, gidaje 1 zuwa 62: buro.
Ta biyu, daga 64 zuwa 127, gidaje 65 zuwa 126: ɗalibai.
Ta uku, daga 128 zuwa 191, gidaje 129 zuwa 190: kamerori.
Ta huɗu, daga 192 zuwa 255, gidaje 193 zuwa 254: baƙi.

Kowace unguwa da zaurenta, an saba ba shi lambar farko: 1, 65, 129, 193. Yanzu gwada kanka. Kwamfuta mai 192.168.1.70/26 da kamera mai 192.168.1.130/26, unguwarsu ɗaya? A'a. 70 tana tsakanin 64 da 127, 130 kuma tana tsakanin 128 da 191. Sai sun bi ta ruter. Dabarar ɗaya ce koyaushe: cire lambar ƙarshe ta mask daga 256, abin da ya rage shi ne faɗin kowace unguwa. 256 a cire 192, saura 64. Sai ka yi ta ƙirga 64-64.

Ba dole ba ne a raba daidai wa daida. Mai rabon gona yana duba yawan iyalin kowa. In ɗalibai 100 ne, ba su /25, lamba 0 zuwa 127, gida 126. In buro na'ura 40 ne, ba su /26, daga 128 zuwa 191, gida 62. In kamera 20 ce, /27 ya isa, daga 192 zuwa 223, gida 30. Saura 224 zuwa 255 a ajiye don gaba. A fara da babba, a sauko zuwa ƙarami, kuma a bar wa kowa sarari don gobe za a ƙaro kaya.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa, don kar wani ya tafi da rabin ilimi: raba lambobi kaɗai bai hana ɓarawo shiga. Ka zana iyakar unguwa ne kawai. Sai an raba hanyoyin a kan suwic, abin da ake kira VLAN, kuma an gaya wa ruter wa zai wuce zaure wa ba zai wuce ba, sannan katanga ta zama katanga. Ƙananan akwatunan wifi na gida ba duka suke iya wannan ba, amma da yawa suna da wifi na baƙi wanda yake keɓe su daga sauran kayan gida. Ko shi kaɗai aka kunna an rage haɗari.

Duk wanda ya ce wannan lissafi ya fi ƙarfinsa, ya je kasuwa ya tsaya gefen mai tumatir. Ka ce mata 350, kafin ka rufe baki ta ce dala saba'in. Iyayenmu mata da ba su taka lakwal ba suna ninkawa da rabawa da biyar tun safe har dare. Ninka biyu-biyu har sau takwas bai kai wannan wuya ba.

Abin da ya sa na damu

Na farko, kuɗi. Jaka arba'in ɗinmu ƙaramin misali ne. Ku duba kewaye da ku: famasi mai kwamfutar lissafi, ƙaramin asibiti, otal, shagon aika kuɗi, lakwal, buron ƙungiya, gidan rediyo. Kowane yana da ruter da kayan da aka jona. Kowane yana buƙatar wanda zai tsara masa su kuma ya rubuta a takarda wace na'ura ke da wace lamba. Aiki ne a ƙasa, a Tawa da Damagaram da Konni da Tasawa, kuma muna zaune a fada muna shan shayi muna cewa babu aiki. Ban ce wannan zai ɗauke zaman banza gaba ɗaya ba. Amma sana'a ce da jarinta bai wuce tsohuwar kwamfuta da kabul da kai mai aiki ba.

Na biyu, sirri da tsaro. Kamerori sun yi arha, kowa yana liƙawa a shago da gida. Mai sakawa ya zo ya jona ta, ya bar ta da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, wani lokaci ma ya buɗe mata hanya ta ruter domin mai gida ya riƙa kallo daga waje. Mai gida yana murna, bai san cewa ƙofar da ya buɗe wa kansa a buɗe take ga duniya ba. Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kamerori da ruter a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirri na kamfani kawai, aka yi amfani da su aka kai harin da ya tsayar da manyan shafuka a Amurka ranar 21 ga Oktoba na shekarar. Ka yi tunanin kamerar da take kallon tsakar gidanku, inda iyaye mata da ƙanne suke sakewa. Ka yi tunanin kwamfutar ƙaramin asibiti mai sunayen marasa lafiya da cututtukansu, tana unguwa ɗaya da wifin da aka ba masu jiran layi.

Na uku, kayan tallafi da suke mutuwa a tsaye. Sau nawa muka ga an kawo kwamfutoci wata lakwal ko wata cibiya, an yanka kirtani, an ɗauki hoto, bayan wata shida ɗakin yana kulle ƙura ta rufe? In ka bincika, sau da yawa kayan lafiyarsu lau. Wanda ya jona su ya koma Yamai da komai cikin kansa, bai bar takarda ba, bai koya wa kowa ba. Ruter ya ƙone aka sayo sabo mai 192.168.0 maimakon 192.168.1, shi ke nan duk kayan masu lamba tsayayya suka zama baƙi a gidansu. Gyaran minti goma ne ga wanda ya sani.

Na huɗu, maganar tsayuwa da ƙafafunmu. Kwanakin nan kowa yana maganar diyaucin ƙasa, kuma magana ce mai kyau. Amma ƙasar da matasanta ba su iya tsara rezon buro guda ba, wa zai riƙe mata manyan rezonta? Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa kafin ya kai wayoyin ƙarƙashin ruwa. Mun ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyi da dama suka lalace a tekun da ke gaban Kodebuwa, Afirka ta Yamma ta shiga matsalar intanet. A irin wannan rana, wurin da aka tsara rezonsa na cikin gida da kyau yana ci gaba da buga takarda, da duba rajista, da musayar fayil, don waɗannan ba su buƙatar fita zaure. Wurin da ba a tsara ba sai a naɗe hannu a ce babu rezo.

Akwai kuma siyasar lambobin kansu. Bit 32 suna ba da adireshi wajen milyar 4 da milyan 300 ne kawai, ba su kai yawan mutanen duniya ba. Waɗanda suka riga shiga intanet, musamman Amurka, sun kwashi kaso mai tsoka tun farko. Babban rumbun duniya ya ƙare a Fabrairun 2011. Hukumar da take rabon lambobi a Afirka, AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Moris, ta samu cikakkiyar amincewa ne a 2005, kuma ita ma yanzu da awo take bayar da ɗan abin da ya rage. Rigingimun shari'a kan waɗannan lambobi sun dabaibaye ta har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Wato lambobin nan dukiya ce da ake kai ƙara kotu a kanta. Mafita ita ce IPv6, mai bit 128, wanda lambobinsa ba su ƙarewa a lissafin ɗan Adam, kuma manyan kamfanoni suka kunna shi dindindin tun 6 ga Yunin 2012. Wanda ya gane unguwa da gida da katanga a IPv4, in ya zo IPv6 tunanin ɗaya ne, rubutun ne ya bambanta. Wanda bai gane na farko ba, na biyun zai wuce shi yana kallo.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce, ai yanzu komai da kansa yake yi, ka jona kawai ya kama. Haka ne, har ranar da bai kama ba. Mu ma a cibiyarmu komai da kansa yake yi, shi ya sa muka biya jaka arba'in. Abin da yake aiki da kansa yana buƙatar wanda ya san abin da yake yi a ɓoye.

Wani zai ce, matsalarmu kuran ce da tsadar mega, ba lissafin lambobi ba. Na yarda, kuma ban ce a daina magana a kansu ba. Amma kuran da farashin mega suna hannun wasu, sai dai mu yi ta kira. Wannan kuwa yana hannunmu yau da dare. Kuma ɗauke kuran ne ma yake ƙara mana buƙatar ilimin, don a ƙasar da ruter yake mutuwa ya tashi sau uku a yini, rezon da aka tsara da ka ba ya daɗewa.

Wani zai ce, in kowa ya iya, masu gyara za su rasa abinci. Ban gani haka ba. Sanin canza fulogi bai kashe makanikai ba. Gwanin gaske zai ma ji daɗi, don za a daina kiransa saboda kabul da ya zare, a kira shi aikin da ya kai a biya shi da daraja, kuma mai kiran zai iya bambance gwani da ɗan kashe-kunna.

Wani kuma zai ce, wannan aikin maza ne. Na riga na gaya muku wadda ta fid da mu kunya.

Abin da nake kira a yi

Ga masu koyarwa a jami'o'inmu, daga Abdou Moumouni ta Yamai zuwa Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, da cibiyoyin koyon sana'a: ɗalibanku da suka iya wannan su fito da shi unguwa. Yini biyu na hutu, ruter guda, suwic guda, allo da alli, ya isa a koya wa mutum ashirin. Kuma a yi bayanin da Hausa da Zabarmanci. Na ga yaron da ya kasa gane darasin nan da Faransanci wata guda, aka ce masa unguwa da gida da zaure, ya gane kafin shayi ya nuna.

Ga masu shaguna, daraktocin lakwal da shugabannin ƙungiyoyi: duk wanda ya zo ya jona muku kaya, kar ku biya shi sai ya bar muku takarda. A rubuta adireshin ruter, iyakar rabon DHCP, lambar kowace na'ura mai lamba tsayayya, da inda aka ajiye kalmomin sirri. Ku sa ya canza kalmar sirrin kamfani a gabanku. Haƙƙinku ne, kamar yadda mai gini yake barin maka makullin gidanka.

Ga masu kawo tallafin kwamfutoci: ku sa horon mutum biyu na wurin cikin kasafin, tun kafin kuɗin alluna da riguna.

Ga ku kuma ƴan uwana matasa, ga aikin daren yau. Shiga saitin wifi na salularka, ka nemo adireshinka, da mask, da zaure. Rubuta su a takarda. Faɗi unguwarka, faɗi lambar gidanka, faɗi lambar shela. In kana da kwamfuta mai Windows, buɗe baƙin allon umarni ka rubuta ipconfig, sannan ka rubuta ping da adireshin zauren, ka ga ko zai amsa. Bayan haka ɗauki 192.168.5.0/24 ka raba shi gida takwas da biro. In ka samu faɗin 32, mask 255.255.255.224, da gida 30 a kowace unguwa, to ka kama hanya. Sai dai a kiyaye: gwaji a kan kayanka ko da izinin mai kaya. Shiga rezon wani ba da izini ba laifi ne a doka, kuma cin amana ne.

Ita ƙanwar tamu yanzu ran Asabar take koyar da yara bakwai a cibiyar, huɗu mata. Takardar lambobinmu tana liƙe a bango bayan ruter, da rubutun hannunta. Makon jiya an ɗauke kuran sau biyu a yini ɗaya, injin ya tashi da kansa duka biyun, jaka goma kuma muka sayi ram biyu na takarda da ita har da canji.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu amfanar da wasu da shi. Amin.